Lambar shiyya a faifan fim: me ya sa DVD ɗin da aka sayo daga waje yake ƙin yi?

Lambar shiyya wata alama ce da kamfanonin finafinai ke sakawa a cikin faifan DVD ko na Blu-ray domin ya yi aiki a wani ɓangare na duniya, ya ƙi yi a wani. Da Faransanci ana kiranta zone, shi ya sa ake jin ƴan kasuwa na cewa faifan zone 1 ko zone 2. Idan lambar da ke cikin faifai ba ta dace da ta na'urar kallo ba, fim ba ya tashi. Allo yakan nuna saƙon cewa shiyyar ba daidai ba ce, wani lokaci kuma na'urar ta turo faifan waje. Faifan lafiyarsa lau, na'urar ma haka. Da gangan aka ƙera su domin su ƙi juna.

Matsalar ta fi samun waɗanda suka sayi faifai na asali da kuɗinsu: ɗalibin da ya dawo daga Faransa da finafinai a jaka, alhajin da ya yo tsaraba a Jidda ko Dubai, iyalin da ɗan'uwansu ya aiko wa kwali daga Amurka, ko ɗakin karatun da aka ba kyautar fayafayai daga Turai. Faifan da aka kwafa a kasuwa kuwa, irin wanda ake cusa finafinai goma a cikinsa, ba ruwansa da wannan kwaɗo. Ko manya ba su tsira ba. A watan Maris na 2009 shugaban Amurka Barack Obama ya ba firaministan Birtaniya Gordon Brown kyautar finafinan Amurka 25 a DVD, daga baya jaridun Ingila suka ruwaito cewa fayafayan sun ƙi yi masa saboda na shiyyar Amurka ne.

Yadda aka raba duniya

DVD ya fara shiga kasuwa a Japan a watan Nuwamba na 1996, ya isa Amurka a Maris na 1997, sannan Turai a 1998. Tun kafin fitowarsa manyan kamfanonin Hollywood sun gindaya wa masu ƙera na'urori sharaɗi: ba za su saki finafinansu a sabon faifan ba sai an yi masa kariya daga kwafa, an kuma raba kasuwar duniya shiyya-shiyya. Aka raba ta gida shida.

Shiyya ta 1 ita ce Amurka da Kanada. Ta 2 ta haɗa yawancin Turai da Japan da ƙasashen Gabas ta Tsakiya, har da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai Masar da Afirka ta Kudu da Lesotho da Eswatini. Ta 3 ta ƙunshi Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. A ta 4 akwai Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka da Ostireliya da New Zealand. China ita kaɗai aka ba ta 6.

Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru da Gana da Benin da Sudan, da ma Aljeriya da Libiya, duk suna shiyya ta 5, tare da Indiya da Pakistan da Rasha da Mongoliya da Koriya ta Arewa. Babu wani harshe ko tarihi da ya haɗa Damagaram da Mosko. Da alama abin da ya haɗa su a idon waɗanda suka zana taswirar shi ne, kasuwanni ne da ba a sa ran za su sayi faifai a farashin Turai ba.

Akwai wasu lambobi biyu da ba na ƙasashe ba. An ajiye lamba 7 domin amfani na musamman, 8 kuma ta jiragen sama ce da manyan jiragen ruwa na yawon buɗe ido. Faifan da ba a kulle ba ana rubuta masa 0 ko ALL, kuma yana yi a kowace shiyya.

Duk wanda ya dubi taswirar da kyau zai ga cewa an raba ƙasashen da ke jin harshe ɗaya. A ɓangaren Ingilishi, Amurka na 1, Birtaniya na 2, Singapore na 3, Ostireliya na 4, Najeriya da Indiya na 5. A ɓangaren Faransanci, Kanada na 1, Faransa da Beljiyam na 2, Haiti na 4, Nijar da Senegal na 5. Rabuwar ta yi wa kamfanonin daɗi, domin masu jin harshe ɗaya su ne suka fi iya sayen faifan juna. Japan da Turai kuwa an bar su a shiyya guda, tunda bambancin harshe da na tsarin talabijin ya riga ya raba kasuwanninsu.

Dalilan kamfanonin

Dalili na farko shi ne lokacin fitar fim. A shekarun 1990 ana nuna fim a sinima ne da zaren fim mai faɗin milimita 35, kuma buga kowane kwafi yana cin kuɗi sosai. Don haka akan fara da Amurka, a jira a ga yadda fim ya karɓu, a yi masa fassarar murya, sannan a kai shi sauran ƙasashe, wani lokaci da kwafin da aka riga aka yi amfani da shi. Fim ɗin Toy Story, alal misali, ya fito a Amurka a Nuwamba na 1995, bai isa sinimomin Faransa ba sai Maris na 1996. Akwai finafinan da tazararsu ta fi haka, har faifansu yakan fito a Amurka alhali ba a fara nuna su a Turai ba. Tsoron masu sinima shi ne wanda ya kalli fim a gida ba zai sayi tikiti ba.

Na biyu shi ne yadda ake sayar da haƙƙin rarraba fim ƙasa-ƙasa. Titanic na 1997 kamfanin Paramount ne ya rarraba shi a Amurka da Kanada, 20th Century Fox kuma a sauran duniya. Wanda ya biya kuɗi ya sayi haƙƙin wata ƙasa ba ya son faifan wani kamfani ya shigo masa kasuwa ta bayan gida.

Na uku, wanda kamfanonin ba su cika son ambatawa ba, shi ne farashi. Ana iya sayar da fim ɗaya da tsada a Paris, da araha a Mumbai, muddin faifan Mumbai ba zai yi a Paris ba. Akwai kuma batun tace finafinai, domin abin da hukumar wata ƙasa ta yanke, wata ta bar shi.

Dalilin farko ya yi rauni tun da sinimomi suka koma nuna fim ta na'urar dijital, manyan finafinai kuma suka koma fita a mako ɗaya a ƙasashe da yawa. Ban da haka, an kulle tsofaffin finafinai na shekarun 1950 da 1960 da suka daɗe da barin sinima. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa haƙƙin rarrabawa da farashi su ne ƙashin bayan tsarin.

Yadda kwaɗon yake aiki

A cikin kowane faifan DVD na fim akwai wani ƙaramin fayil mai suna VIDEO_TS.IFO, wanda na'ura ke fara karantawa. A cikinsa an ware gurbi takwas, kowace shiyya da nata. Mai buga faifan yana toshe guraben shiyyoyin da ba ya so, ya bar na wadda yake so a buɗe. Yana iya barin fiye da ɗaya, shi ya sa ake samun faifan da aka rubuta wa 2 da 4, ko 2 da 5. Ita kuma na'urar kallo tun daga masana'anta aka sa mata lambarta. Idan ta duba ta ga gurbinta a toshe, sai ta tsaya.

Ke nan na'urar ce da kanta take ƙin kunna faifan, kuma abin da ya tilasta mata haka yarjejeniyar kasuwanci ce. Finafinan da ke kan DVD an cakuɗa bayanansu da wani tsari mai suna CSS, wanda kamfanonin Matsushita da Toshiba suka ƙirƙira. Duk mai son ƙera na'urar DVD sai ya karɓi mabuɗin warware CSS daga ƙungiyar DVD CCA da ke Kalifoniya, kuma cikin sharuɗɗan lasisin akwai mutunta lambar shiyya.

Riƙon bai yi ƙarfi ba. Ya fi sauƙi ga masana'anta ta ƙera na'ura iri ɗaya domin duk duniya, ta sa lambar shiyya a cikin manhajarta, maimakon ta ƙera iri shida. Saboda haka na'urori da dama suna da wasu lambobi na ɓoye da ake dannawa a rimot, su sauya shiyya ko su buɗe gaba ɗaya. A shekarar 2000 wata na'ura mai araha ƙirar China, Apex AD-600A, ta yi suna a Amurka saboda irin wannan ɓoyayyen shafi. Daga nan na'urori masu kunna kowace shiyya suka cika kasuwannin Turai da Asiya da Afirka.

Kamfanonin Warner da Columbia TriStar sun mayar da martani a ƙarshen 2000 da wani ƙarin kwaɗo mai suna RCE, wanda aka sa a wasu fayafayan shiyya ta 1, ciki har da fim ɗin The Patriot. A nan faifan ne yake tambayar na'ura lambarta. Idan ta amsa cewa ita ta kowace shiyya ce, sai ya nuna taswirar duniya da gargaɗi maimakon fim. Maganinsa bai yi wuya ba: a saita na'urar a kan lamba 1 da hannu kafin a sa faifan.

A kwamfuta lamarin ya ɗan bambanta, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Tun daga farkon 2000, na'urorin karanta DVD na kwamfuta suna riƙe lambar shiyya a cikinsu, kuma sau biyar kawai suke yarda a sauya ta. Sauyi na biyar shi ne na ƙarshe, na'urar ta kafe a kansa. Goge kwamfutar a sake sa mata Windows ba ya mayar da ƙidayar baya, domin a jikin na'urar karanta faifan aka rubuta ta. Wanda ya sayi kwamfutar gwanjo da ta fito daga Turai ko Amurka yana iya tarar da an riga an cinye sauye-sauyen. Ana duba abin da ya rage a Gestionnaire de périphériques, a shafin bayanan na'urar DVD ɗin. Idan ta kafe, mafita mafi sauƙi ita ce sayen wata ƙaramar na'urar karanta DVD da ake jonawa ta USB, a saita ta a kan shiyyar da ake buƙata.

Shi kansa CSS bai daɗe ba aka karya shi. A watan Oktoba na 1999 wani matashi ɗan Norway mai shekara 15, Jon Lech Johansen, tare da wasu mutum biyu, suka fitar da manhajar DeCSS. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a Janairun 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disamba na shekarar. Manhajar VLC, wadda ɗaliban École Centrale ta Paris suka fara, aka kuma sake ta ga kowa a 2001, sau da yawa takan kunna faifan wata shiyya, sai dai hakan ya danganta da irin na'urar karanta faifan da ke cikin kwamfutar.

PAL da NTSC da SECAM

Akwai wata matsala dabam da ake yawan rikitawa da lambar shiyya, ita ce tsarin hoton talabijin. Amurka da Kanada da Japan sun yi amfani da NTSC. Yawancin Turai, da Najeriya da Gana da Kamaru, PAL. Faransa da ƙasashe da dama da ta raina, ciki har da Nijar da Cadi, SECAM.

A DVD iri biyu ne kawai. Faifan PAL yana da layuka 576 da hotuna 25 a daƙiƙa, na NTSC layuka 480 da hotuna kusan 30. Babu faifan SECAM, na PAL ake sayarwa a Faransa. Tsohon talabijin da SECAM kaɗai yake ganewa yakan nuna irin wannan faifai ba launi, fari da baƙi. Faifan NTSC a tsohon talabijin na PAL ma haka yake yi, ko hoton ya riƙa gungurawa. Alamar da za a bambance matsalolin biyu ita ce: idan fim ya tashi amma hoton ya lalace, tsarin talabijin ne, idan ya ƙi tashi sam aka ga saƙo a allo, lambar shiyya ce.

Na'urorin da aka yi domin Turai da Afirka galibi suna kunna PAL da NTSC duka. Waɗanda aka yi domin Amurka sau da yawa NTSC kaɗai suka sani, ga shi kuma wasunsu wutar bolt 110 zuwa 120 suke ɗauka, alhali ta Nijar da maƙwabtanta 220 ce ko sama da haka kaɗan. Wani abin da ba kowa ya sani ba: fim ɗin sinima hotuna 24 yake da su a daƙiƙa, idan aka mayar da shi PAL sai a ɗan hanzarta shi zuwa 25. Fim mai tsawon minti 100 yakan koma minti 96. Mai saye da ya ga bambancin mintuna tsakanin kwalin Faransa da na Amurka kada ya ɗauka dole an yanke wani abu.

Shigo da faifai da bayar da shi haya

Lambar shiyya ba doka ba ce, babu majalisar da ta zartar da ita. Dokar haƙƙin mallaka ce ke faɗin ko mutum yana da damar shigo da faifai daga wata ƙasa ya sayar ko ya bayar haya, kuma amsar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta 1994, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta ko haƙƙin mai fim a kan kwafi yana ƙarewa da zarar an sayar da shi a ko'ina a duniya, ko kuwa sai an sayar da shi a cikin ƙasar.

Rigimar ta girmi DVD. A shekarun 1980 wani mai shagon hayar kaset a Kopenhagen, Erik Viuff Christiansen, ya sayi kaset ɗin fim ɗin James Bond mai suna Never Say Never Again a Landan, ya kawo shi Denmark domin ya riƙa bayarwa haya. A lokacin dokar Birtaniya ba ta ba mai fim ikon hana haya ba, ta Denmark kuwa ta ba shi. Warner ya kai ƙara. Hujjar mai shagon ita ce ya sayi kaset ɗin ta halal a kasuwar Turai, inda kaya ke ketare iyaka ba shamaki. A ranar 17 ga Mayu na 1988 kotun Tarayyar Turai ta goyi bayan kamfanin. Ta bambanta sayarwa da haya: kwafi ɗaya ana sayar da shi sau ɗaya, amma ana iya bayar da shi haya sau ɗari, don haka sayen kaset bai haɗa da sayen ikon bayar da shi haya ba. A 1992 Tarayyar ta mayar da wannan ƙa'ida doka ga dukkan ƙasashenta.

Wani kamfanin Denmark ɗin, Laserdisken, ya sake gwada sa'arsa har sau biyu. A 1998 kotun ta ce ba zai iya bayar da hayar fayafayan da ya shigo da su daga Birtaniya ba sai da izini. A 2006 kuma ta ce mai fim yana da ikon hana sayar da faifan da aka shigo da shi daga wajen Turai, ko da na asali ne.

A Faransa abin ya zo da wani salo. Fayafayan shiyya ta 1 da yawa suna ɗauke da muryar Faransanci saboda masu kallo na Kebek a Kanada. A ƙarshen shekarun 1990 shaguna a Paris suka riƙa shigo da su, mutane suna kallon fim da harshensu tun bai isa sinima ba, duk da cewa fassarar Kebek takan bambanta da ta Faransa a lafazi da kalmomi. Wannan ya ci karo da ƙa'idar da ake kira chronologie des médias, wadda tun 1982 ta tsara tazarar da ke tsakanin fitar fim a sinima da fitarsa a kaset ko faifai. Tazarar ta fara da shekara ɗaya, ta sauko zuwa wata 6, sannan wata 4 tun daga 2009.

Amurka ta bi wata hanya. A can, wanda ya sayi kwafi na halal yana da ikon sayar da shi ko bayar da shi haya ba tare da neman izini ba, kuma a kan wannan ƙa'ida aka gina shagunan Blockbuster da hayar DVD ta gidan waya da Netflix ya fara da ita. A Maris na 2013, a shari'ar Kirtsaeng, wadda ta shafi littattafan karatu da wani ɗalibi ɗan Thailand yake shigowa da su, kotun ƙoli ta ce ƙa'idar ta haɗa da kwafin da aka buga a wata ƙasa. Sai dai dokar DMCA ta 1998 ta haramta karya kariyar fasaha irin CSS. Mutum yana iya mallakar faifan ta halal, amma hanyar buɗe shi ta zama abin tuhuma.

New Zealand ta buɗe ƙofar shigo da kayan asali ba tare da izinin wakilin kamfani ba a 1998. Shagunan haya suka fara kawo DVD daga Amurka kafin fim ya isa sinimomin ƙasar, masu sinima suka koka. A 2003 majalisa ta hana shigo da fim domin kasuwanci har sai ya yi wata 9 da fitowa, a 2013 aka rage zuwa wata 5, haramcin ya ƙare a 2016. A Ostireliya hukumar kare gasar kasuwanci ta ACCC ta fito fili ta soki tsarin shiyya, tana ganin hanya ce ta hana masu saye samun araha, kuma gyaran dokar ƙasar na 2006 ya cire kwaɗon shiyya daga cikin kariyar da doka ke hukunta wanda ya karya.

A Nijar da maƙwabtanta

Nijar da Kamaru da Cadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangui ta 1977. Ƙari na VII na yarjejeniyar, wanda ya shafi ayyukan adabi da fasaha, ya ba mai fim ikon yarda ko hana bayar da shi haya da nuna shi ga jama'a. A Nijar ofishin BNDA ne ke kula da haƙƙin mallaka. Abin da wannan ke nufi ga mai shagon haya ko mai gidan kallo shi ne, faifan da ya yi a na'urarsa bai zama faifan da yake da izinin kasuwanci da shi ba. Fayafayan Faransa da ake sayar wa jama'a suna ɗauke da gargaɗin cewa na kallo ne a cikin iyali, cercle de famille, kuma ɗakunan karatu na can sukan sayi kwafi na musamman mai izinin bayar da aro. Cibiyar al'adu ko makarantar da aka ba kyautar fayafayai ya kamata ta tambayi wane iri aka ba ta.

A aikace, kwaɗon shiyya bai taɓa kama kasuwar ƙasar Hausa sosai ba. Finafinan Hausa da na kudancin Najeriya sun tashi daga kaset ɗin VHS zuwa faifan VCD, wanda ya fito a 1993 kuma ba shi da lambar shiyya ko kaɗan. Da suka koma DVD ma, masu shirya su ba su da dalilin kulle su, tunda fim ɗin da aka fitar a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ana so ya sayu a Maraɗi da Garwa da Kumasi da Jidda, duk da cewa Jidda tana wata shiyya dabam. Faifan da aka buga a kwamfuta ma ba ya ɗauke da kwaɗo. Finafinan Indiya, waɗanda Hausawa suka daɗe suna so, suna shiyya ɗaya da Nijar, kuma da yawa daga fayafayansu a buɗe ake fitar da su saboda Indiyawa mazauna Birtaniya da Amurka da ƙasashen Larabawa. Na'urori masu araha da ake shigowa da su daga China da Dubai su ma galibi a buɗe suke zuwa.

Sakamakon ya zama abin mamaki. Na'ura mai tsada ta sanannen kamfani, ko PlayStation da aka sayo a Turai, ita ce take ƙin faifai, ƙaramar da ba a san sunan mai ƙera ta ba kuwa ta kunna komai. Kuma da yake manyan kamfanoni ba su cika buga faifan shiyya ta 5 mai muryar Faransanci domin Afirka ba, mai son fim na asali a Yamai ko Njamena kusan dole ya sayi na shiyya ta 2, wanda a ƙa'ida ba a yi domin na'urarsa ba. Tsarin da aka ce zai tsare kasuwa ya bar wannan kasuwar a hannun masu satar fasaha.

Blu-ray da intanet

Da Blu-ray ya fito a 2006 an rage shiyyoyin zuwa uku, da haruffa. A ta haɗa nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B ta haɗa Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostireliya da New Zealand. C ta ɗauki China da Rasha da Indiya da tsakiyar Asiya. A wannan rabon Nijar da Faransa da Saudiyya sun faɗa shiyya ɗaya, Indiya kuma ta fita. Na'urar Blu-ray tana da lamba biyu, harafi domin Blu-ray da lamba domin DVD, kuma buɗe ɗaya ba ya buɗe ɗayan. HD DVD, abokin hamayyar Blu-ray wanda ba shi da shiyya, Toshiba ta daina yinsa a Fabrairun 2008.

Kasuwar faifai ta ja baya ko'ina. Blockbuster ya durƙushe a 2010, Netflix ya rufe hayar DVD ta gidan waya a Satumba na 2023, a garuruwan Hausa kuma shagunan tura finafinai a waya da memori sun maye gurbin shagunan haya da yawa. Amma rabon duniya bai tafi ba, ya koma intanet. Netflix ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 a Janairun 2016, sai dai jerin finafinan da mai kallo ke gani a Yamai ba shi ne na Paris ko New York ba, domin har yanzu ƙasa-ƙasa ake sayar da haƙƙin. A maimakon lambar da ke cikin faifai, adireshin intanet na mai kallo da ƙasar katin bankinsa ake dubawa. Saƙon da YouTube ke nunawa cewa bidiyo ba ya samuwa a ƙasar mai kallo jikan wancan kwaɗon ne. Tarayyar Turai ta ba mazaunanta damar tafiya da rajistarsu zuwa wata ƙasar Tarayyar tun Afrilu na 2018, amma damar ta tsaya a iyakar Turai.

Ga wanda har yanzu yake sayen faifai, alamar tana bayan kwali, a ƙasa: ɗan hoton duniya da lamba a tsakiyarsa idan DVD ne, ko harafi idan Blu-ray ne. Irin wannan alama tana bayan na'urar kallo, kusa da inda ake jona wayoyi. A gefen alamar kwalin akan rubuta PAL ko NTSC, da jerin harsunan murya da na fassarar da ke fitowa a ƙasan allo. Faifan Ultra HD Blu-ray, wato na 4K da ya fito a 2016, ba a sa masa shiyya ba, yana yi a kowace na'urar 4K. Sai dai kwalinsa sau da yawa yana zuwa da faifai na biyu na Blu-ray na yau da kullum, kuma shi wannan na biyun yana iya zama a kulle.